Kobon Talatu

Duk wanda ya san Ilu maƙerin fari na Ƙofar Dumi ya san ba ya gama gaisuwa sai ya tambaye ka ko akwai kobo a jikinka. Ba roƙo yake yi ba. Zai karɓa, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya miƙo maka abinka, ya ce ka gaida gida. Ni taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, saboda haka ni ke da bakin gaya masa ya mai da kansa abin dariya, kuma na sha gaya masa.

Da yawanku kun taras da halin ne, ba ku san mafarinsa ba. 'Yarsa ɗaya tak, Talatu. Da aka yaye ta, ya ɗauki kobo irin na da, mai huji a tsakiya, ya yi masa tsaga uku a gefe da magagari, ya zura zare ya rataya mata a wuya. Ƙyanda ta ɗauke ta tana 'yar ƙarama. Tsohuwar da ta yi mata wanka ta cire kobon ta jefa a ƙwaryar da ke kusa da ita, ashe ƙwaryar kuɗin sadaka ce. Kafin Ilu ya dawo daga maƙabarta an rabar. Tun ranar yake neman kobon nan, ga shi uwar yarinyar ta bi ta ba da jimawa ba, babu mai ce masa ya isa haka.

Da ya ga bin aljihun mutane ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya koma sari. In ya sayar da zobe ko awarwaro, ya kwashi sulallan ya bi mahauta da masu goro da masu ƙosai, ya ba su sule ya karɓi kobo, har ya cika buhu. Ni da nake sayar da man gyaɗa ba ya ma tambayata, faifaina kawai yake jawowa. Ranar kasuwar Zungur kuwa a ƙafa yake zuwa, jakinsa a gaba. Na ce masa ya hau mota kamar kowa, ya ce ai kuɗin da zai ba ɗan kamasho kobo ne, kuma ba zai so ya rabu da kobon da ya riga ya saba da shi ba.

Matsalarsa ita ce wanda ya duba jiya shi yake dawo masa yau. Sai ya sayo shuni wurin marina, duk kobon da ya duba ya ɗiga masa kafin ya mayar kasuwa. Kafin wata ya mutu rabin Bauchi tafin hannunsu shuɗi. Wata amarya a unguwarmu ta karɓi canji lallenta ya ɓaci, uwarta ta zo har maƙera tana ta faɗa. Ilu ya saurare ta har ta gaji, sannan ya tambaye ta a hankali ko canjin yana tare da ita.

Babban dillalinsa shi ne Bitrus kafinta, mutumin Dass, mai riƙe da kuɗin baikon cocinsu, wato sadakar da suke tarawa ranar Lahadi. Kowace Litinin ya ɗauro su a tsumma ya kawo, Ilu ya ba shi sulalla. Limamin unguwa ya ji, ya kira Ilu gefe ya nuna masa abin bai yi kyan gani ba.

“Allah Ya gafarta Malam,” in ji Ilu, “kobon da ke aljihunka jiya a coci ya wuni. Ni na ɗiga masa shuni da hannuna.”

Liman ya sa hannu a aljihu, ya fiddo, ya duba, bai sake tayar da maganar ba.

Ana gab da samun mulkin kai aka yi shela cewa sabon kuɗi ya zo, za a riƙa tattara tsohon ana kwashewa. Gari na murna, Ilu ya bar cin abinci. Ya ce min in aka loda kobon Talatu a mota aka yi Jos da shi, shi ke nan. Ranar ban zolaye shi ba, tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ya sayar da zugazugansa ya ƙara sari, ya yi ta dubawa har idonsa ya fara gazawa, da damina kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na koma gidansa jinya.

Garba mahauci ne ya fara zuwa, yana haki, ya ce ya tsinci wani abu a cinikinsa. Kobo ne mai tsaga uku. Ilu ya shafa, ya yi hamdala, ya sa masa albarka. Washegari sai ga Bitrus da nasa. Bayan Juma'a liman ma ya shigo, bai ce ya tsinta ba, ya dai ce Ilu ya duba wannan. Babu wanda ya san ɗan'uwansa ya riga shi, kowa kuma addu'a iri ɗaya ya samu.

Da liman ya tafi na ce masa yanzu Talatu nawa ya haifa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya nuna min na Garba, tsagar tana ƙyalli, jiya-jiya aka yi ta. Na Bitrus sunan Sarauniya ne a jiki, alhali sanda Talatu ta rasu Sarauniyar ba ta ma hau gadon sarauta ba. Liman kuwa hannunsa ya zarce, huɗu ya tsaga. Na tambaye shi me ya hana ya gaya musu.

“Mutum ya ɓoye a ɗaki da magagari saboda ni,” in ji shi, “in ce masa bai iya ba?”

Akwai buhu ɗaya a bakin ƙofa, na Zungur, wanda bai kai ga dubawa ba. Na jawo shi na ce bari in zazzage masa a tabarma, ko yana ciki. Ya riƙe min hannu.

“Mayar musu kasuwa, kada ki kwance. Wurin mai kobon zan je, me zan yi da shi?”

Na ɗora buhun a kan jakinsa na kai, ina tafe ina kuka, ban kwance ba. Bai ga bikin mulkin kai ba.

Allah Ya ji ƙan Ilu, Ya yafe masa, Ya sada shi da 'yarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.