Idon Kyamarar Yayana

Bari in faɗa tun da wuri kada wani ya sha wahalar nema: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Dattijo mai furfura har a gira, wanda ya yi aji huɗu a elemantare, kuma tun daga lokacin bai bar kowa a gidansu ya huta ba.

Yayana mai ɗaukar hoto ne. Shekara da shekaru yana da rumfa a Mafoni, da labule mai zanen jirgin sama wanda rabin mutanen unguwar suka tsaya a gabansa suna ƙame wuya. Ya rasu a shekarar da aka yanke mana layin waya saboda tashin hankali, a kan shimfiɗarsa, da iyalinsa a gefe. A lokacin irin wannan mutuwar har barka ake yi wa mutum a kanta cikin raɗa.

Bayan sadakar bakwai matarsa ta aiko a kira ni. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu, kuma ban taɓa yin galaba a kanta ba ko sau ɗaya. Akawu take ce mini, saboda biron da ba ya rabuwa da aljihuna. Ranar dai babu wasa. Ta turo wata jakar fata gabana.

"Akawu, ana shiga gidaje bincike. In aka ga kyamara tambaya za ta yi yawa, ni kuma ina takaba, ba ni da bakin amsa wa maza. Kai ta gidanka ka ajiye. Ita kaɗai na ce a bar mini cikin kayansa. Ranar da na fita zan karɓa."

Ajiye ta ce. Da kunnena na ji, kuma kalmar ba ta da wuya.

Wata guda cur jakar tana rataye a ɗakina a unguwar Lamisula ban taɓa ta ba, ina so a rubuta mini wannan ladan. Amma zaman gida ya yi yawa. Kasuwa rabi-rabi, majalisa ta watse, waya ta zama abin duba lokaci. Wata rana bayan azahar na sauko da jakar, wai in kaɗe mata ƙura.

Da na cire murfin idon kyamarar na ɗaga idon sama, sai da na yi salati. Gilashin ya yi hazo, rawaya-rawaya kamar idon tsohon jaki. A gefensa kuma ga wata ɓantara, da tsaga siririya ta taho daga ita. Ashe da makauniyar kyamara yayana ya ƙare rayuwarsa, ga ƙanensa mai ilimi a gari! Nan take na yanke shawara. Ranar da matar yaya ta fita takaba zan miƙa mata ita tas kamar sabuwa, in ga ko bakin nan nata zai mutu sau ɗaya.

Na murɗe idon daga jikin kyamarar, na sa tabarau, na fara bincike irin na masana. Akwai rubutu zagaye da bakinsa. Wasu haruffan na san su, wasu kuma a juye suke kamar an rubuta su a madubi. Na ce wannan rubutun Jamusawa ne, su dama ba sa yin abu kamar kowa. Na ga lamba hamsin, na ce ga shekarar da aka ƙera shi. Na kira matata na yi mata bayani dalla-dalla.

Ta ce, "Malam, amana ce fa."

Na ce, "Ai shi ya sa ba zan ba wa jahili ba."

Da tsinin wuƙa na kwance ƙananan sukurorin, a kan tabarma, a tsakar gida. Zobe na farko ya fita lafiya. Na biyu ya yi gardama, na matsa masa. Sai ji na yi ƙyas! Wani ɗan abu ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnena. Kafin in waiwaya, wasu siraran ganyayyakin ƙarfe, baƙaƙe, kamar ɓawon albasa, suka zubo a cinyata. Su ne masu buɗewa da rufewa su auna haske. A ciki da suke a jere sun yi kyau kamar fure. A kan wandona kuwa, inna lillahi.

Na yi zaune baki buɗe. Matata ta leƙo daga madafa, ta duba, ta koma kan tukunyarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu ina tankaɗe yashin tsakar gida da rariyarta ina neman abin da ya yi tsallen, alhali ban ma san kamanninsa ba. Na samu allura, na samu ɗan kunne, na samu haƙorin da ban san na wane ne ba. Takaba kuwa tana tafiya. Kullum na idar da sallar asuba sai in ji kwana ɗaya ya fita daga jikina.

Aka ba ni labarin wani tsoho mai gyaran agogo a unguwar Shehuri. Na tattara tarkacen a gwangwanin madara, na rufe da leda, na kama hanya a ƙasa, don an daɗe da hana acaɓa. Wanda ya zauna garin nan a shekarun nan ya riga ya gane kuskurena. Ni sai da na iso shingen binciken sojoji, inda kowa ke ɗaga hannu sama ya wuce, sannan na ji gwangwanin yana ƙaras-ƙaras a bisa kaina.

"Baba! Tsaya nan! Mene ne a gwangwanin?"

"Kayan kyamara ne, ranka ya daɗe."

"Buɗe. A'a, kada ka buɗe! Ajiye shi. Kai, kada ka ajiye!"

Layin mutanen da ke bayana ya watse kamar an watsa ruwan zafi. Na tsaya ni kaɗai a tsakiyar titi, hannu sama, ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci. Can babbansu ya taho a hankali, ya leƙa, ya juya ganyayyakin da ɗan tsinke. Da alama ya san kyamara.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Wani mutum ne a unguwarmu."

"Mutumin nan ba shi da hankali."

"Haka kowa ke faɗa, ranka ya daɗe."

Mai gyaran agogon Babarbare ne, siriri, da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya. Muka yi wushe-wushe, irin gaisuwarsu ta Barebari, na zazzage masa gwangwanin a kan farin ƙyalle. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki gilashin gaba ya kai hanci.

"Wannan ai turaren wuta ne, Malam. A ɗakin mace aka ajiye shi."

Ya ɗiga wani ruwa a auduga ya shafa sau biyu. Hazon nan da na yi wa aikin tiyata ya tafi. A waje yake. Ko sukuru ɗaya bai kamata a taɓa ba.

Ban gama farfaɗowa ba na ce, don in ɗan rage kunya, ai kayan Jamus akwai wuyar sha'ani.

"Wace Jamus? Wannan rubutun Rasha ne, na zamanin da suke babbar tarayya da wasu ƙasashe. Na gyara agogunansu sun fi gashin kanka. Hamsin ɗin nan ma'aunin gilashin ne, ba shekara ba. Shekara tana nan." Ya nuna wata doguwar lamba da tsinin hantsaki. "Biyun farko su ne shekarar ƙira."

Na lissafa da yatsu. Idon da na ba matata labarin ya girme ta ashe ita ce ta girme shi. Na ce to a rubuta wa kamfanin su aiko da kayan gyara, ni zan tsara wasiƙar.

"Ƙasar ma ta rushe, Malam."

"Ƙasar gaba ɗaya?"

"Tun tuni. Ba ka jin rediyo?"

Ina ji mana. Ban dai san rushewar za ta biyo ni har Lamisula ba.

Abin da ya yi tsalle ashe wata 'yar ƙwayar ƙarfe ce, ba ta kai ƙwayar gero ba, ita ke sa zoben ya riƙa tsayawa daki-daki in ana juya shi. Tsohon ya dubi aljihuna ya zare birona ba tare da ya nemi izini ba. Ya fasa bakinsa, ya ciro 'yar ƙwallon da ke ciki, ya gwada. Ta zauna daram. Ganyayyakin kuma ya yini uku yana jera su, yana riƙe numfashi.

Nan ya kamata in tsaya. Shi ma ya faɗa mini.

"Ɓantarar nan ba ta hana hoto. Bar ta."

Amma ni na yi wa kaina alkawarin sabuwa. Ya ce in dai na nace, sai in samo wani idon irinsa sak a ciro gilashin gabansa, kuma shekarunsu su zo kusa, don maƙeran suna sauya zaren murfin, wato inda ake murɗawa, lokaci-lokaci.

Mako uku ina yawo, wani wurin a keke, wani a ƙasa, da haruffan a zane a tafin hannuna. Rumfunan tsofaffin masu hoto duk a kulle. Wannan ya koma Kano, wancan ba a san inda yake ba, kuma ba a son mai yawan tambaya. Na samo ɗaya wurin 'yan gwangwan, rubutu iri ɗaya, na kawo da murna. Tsohon ya duba lambar ya ce wannan ƙanensa ne na nesa, zaren ba zai kama ba. Na biyun a gidan wani Bashuwa dillalin shanu na same shi, mahaifinsa ya taho da kyamarar daga aikin hajji ba a taɓa sa mata fim ba. Lambobin farko suka zo ɗaya. Da na ga haka sai da na rungume mutumin, shi kuwa yana ta ja da baya.

Aka sauya gilashi. Tsohon ya miƙo mini mai ɓantarar a takarda. A hanyar gida na hango shinge, na tuna ranar gwangwani, na wurga shi cikin kwata. Damina ce, ruwa na gudu.

Ranar da matar yaya ta fita takaba na sa babbar riga. Mata cike da gida, an yi sadaka. Na miƙa mata jakar da hannu biyu, na gyara zama ina jiran yabo.

Ta cire murfin. Ba ta ma duba ba, babban yatsanta ta kai gefen gilashin, kamar mai laluben abin da ta saba taɓawa. Ta zagaya da shi sau ɗaya. Ta sake zagayawa. Sannan ta ɗago.

"Akawu, ina ɓantarar?"

Na yi gyaran murya na fara jawabi. Na kawo Rasha, na kawo lambobi, na kawo dillalin shanu.

"Ni na yi ta," ta ce. "Ina amarya. Ya ce in yi murmushi, kunya ta sa na kai hannu in rufe fuska, awarwarona ya doki gilashin. Sau nawa abokan sana'arsa suka ce ya sauya, ya ce a bar masa, sa hannun matarsa ne. Ta gilashin nan ya kalle ni, ya kalli 'ya'yansa tun suna tsumma. Yana ina?"

Na ji babbar rigar ta yi mini nauyi. Na faɗi gaskiya, don babu wata ƙaryar da ta zo kusa. Wata tsohuwa a gefe ta ce la ilaha illallahu.

Da mai hankali ne da ya yi shiru. Ni kuwa na ce, "Amma matar yaya, ki duba fa. Yanzu ya fi na da gani."

Ta mayar da murfin a hankali, ta ɗora kyamarar a cinyarta.

"Na gode wa Allah da ba kai aka ba jinyar yayanka ba, Akawu. Da yanzu wani ƙato ka kawo mini gida ka ce ka gyara shi."