Maza Uku, Suna Ɗaya

Lokacin sanyin Dubai ne, watannin nan da ake kashe na'urar sanyaya ɗaki a buɗe taga. Shekarar ta zo mana da daɗi. Maigida ya samu ƙarin girma a garejin da yake aiki a Ras Al Khor, mun koma fulat mai ɗaki biyu a Al Khabaisi, ni kuma na daina ɓacewa a tashar jirgin ƙasa. Ana cikin haka 'yata ta biyu, mai shekara goma sha uku, ta faɗo gida da gudu, ko takalmi ba ta cire ba.

"Umma, ni aka zaɓa! Ni zan yi bayani ranar iyaye!"

Malamar tarihinsu ce ta ba ta labarin wani basaraken Ingila na zamanin da, barde mai sulke da kwalkwali, wanda ya yi yaƙe-yaƙe a ƙetaren teku. Za ta tsaya gaban iyaye ta kawo tarihinsa da na gidansu da ka, babu takarda. Guɗa na rangaɗa, har maƙwabciyata Ba'indiya ta leƙo.

Kwana biyu sai ga ta da jajayen idanu. An yi gwaji, ta dagula komai. Ashe basaraken da ubansa da kakansa duk sunansu ɗaya. Ta aurar wa jika matar kaka, ta tura uba yaƙin da aka yi kafin a haife shi, aji ya yi ta dariya. Malama ta ce saura gwaji ɗaya ranar Alhamis, in ta sake cakuɗa su, wata za a ba.

Ni ba na karanta Turanci. Sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau da yatsa nake bin layi. Amma na jawo ta kusa da ni ina yanka alayyahu, na ce, "Share hawayen. Faɗa mini da Hausa, a hankali."

Ta fara. Kakan ya auri 'ya ɗaya tilo ta wani mai ƙasa, da ita ya samu gonaki da ƙaton gidan dutse mai ganuwa. Uban an kama shi a fagen yaƙi, ya shekara da shekaru a tsare, ya dawo yana ɗingishi.

"To matarsa fa? Wa ya riƙe gidan?"

"Ita ta riƙe, Umma. Har ƙofar ganuwa ta sa aka rufe wa abokan gaba."

"Kai! Wannan mace ce!"

Na manta da alayyahun. Shi kuma basaraken namu tun yana saurayi ya hau doki, kuma sai da aka haifa masa mata shida kafin namiji ya zo. Na ji su kamar mutanen unguwarmu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini.

"Wai su ba su da kunya ne? Mace ta kira ɗanta da sunan surukinta gatsau?"

A wajenmu in yaro ya ci sunan kaka, ba a kiransa da shi, laƙabi ake ba shi, kowa ya huta. Na ce mata waɗannan bayin Allah laƙabi suka rasa. Nan take muka raɗa musu. Kaka ya zama Angon Gona, uba Mai Ɗingishi, shi kuma Baban 'Yan Mata. Na yanko kwali uku na rubuta da manyan baƙaƙena, na manna a jikin firji.

Maigida ya dawo ya tsaya yana karantawa.

"Hajiya, yanzu har Turawa kike raɗa wa suna? Ina ragon?"

"Kai za ka kawo, Alhaji. Uku ne."

Daga ranar ko tuwo nake tuƙawa sai na jefa mata tambaya. "Wa aka kama?" "Mai Ɗingishi!" "Yauwa, wa ya haife shi?" "Angon Gona!" Ranar Alhamis ta dawo tana tsalle tun daga matakala. Ba a ƙwace mata ba.

Ranar iyaye na sa atamfata mai ruwan ganye, muka zauna layi na biyu. Ba na jin yawancin Turancin, fuskarta nake karantawa. Tana cikin zuba kamar ruwa sai na ji ƙarara, "Baban 'Yan Mata." Da Hausa ya kuɓuce mata. Na damƙe hannun maigida. Sai ta ɗaga kai ta yi wani bayani, ta nuno ni da hannu. Zauren ya ɗauki dariya da tafi. Maigida ya raɗa mini, "Ta ce ke kika ba su sunayen, kuma ta faɗi dalili." Na ja mayafi na rufe baki, ita kuma ta ci gaba har ƙarshe ba ta sake tuntuɓe ba.

A mota ta ce malama ta ba kowa aikin rubuto nasa kakannin.

"Umma, baban Inna mene ne sunansa na gaskiya?"

Mahaifin mahaifiyata, wanda ya sha goya ni a kekensa, Mai Rijiya kawai na san shi. Ban taɓa jin wani ya kama sunansa ba.

Washegari da safe, da motar makaranta ta tashi, na aika wa kawuna, ɗan'uwan Inna, saƙon murya can gida. Bayan gaisuwa na ce ya yi haƙuri, in sunan ya yi masa nauyi a baki, ya rubuto mini. Sannan na yanko wani kwalin, na ajiye biro a kai, na ɗora ruwan shayi.