Kujerar Goyon da Bassu Ya Ƙera

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Bassu, a bakin kasuwar Laraba, daura da ƙofar sakandare. Ni shayi nake dafawa, shi kuma gyaran keke da walda. A nan muka tsufa tare, har ta kai ina gane tarinsa ko a cikin taron jana'iza.

A ƙauyen Ait Ummur aka haife shi, can saman kwari. Ya yi kiwon awaki yana yaro, fari ya kora shi Kasablanka, ya koyi walda a wani gareji, ya dawo gida da ido ɗaya mai yawan hawaye da wani hali da har ya tsufa bai rabu da shi ba. Bassu ba ya cin abinci shi kaɗai. In matarsa ta aiko da tajin, dafaffen nama da ganye a kwanon ƙasa, sai ya ajiye a ƙofar shago yana jiran mai wucewa, ko da abincin zai huce. Na sha ganin ya tare baƙon da bai san daga ina ya fito ba, ya ja shi kan kwano.

"Haddu, wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu," yakan ce mini.

"Kai ma da kake ciyar da rabin kasuwa, ba da kowa za a rufe ka ba," nakan ba shi amsa.

Sakandaren nan ita kaɗai ce a duk kwarinmu, ƙauyuka kuwa suna da nisa, ga hawa ga gangara. Yaro in ya gama firamare, sai mai taurin rai ke jure tafiyar. 'Yan mata kuwa yawanci nan karatunsu ke tsayawa, don ba uban da zai saki 'yarsa a wannan hanya da ƙafa tun duku-duku.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo da maganar kekuna. Wadda suka turo wata matashiya ce daga Rabat, Malama Nuzha, siririya mai tabarau. Shayi ba sukari take sha, abin da har yau ban yafe mata ba, amma ban da wannan ban ga aibunta ba. Ta tara dattawan ƙauyuka a ofishin gunduma ta yi bayani dalla-dalla. Ba kowane ƙauye zai samu yanzu ba. Za a yi ƙuri'a, rabi su samu, rabi su jira shekara biyu. Bayan nan za a auna: in yaran da suka sami keke sun fi waɗanda ba su samu ba daɗewa a makaranta, an tabbatar keke na da amfani ke nan, sai gwamnati ta saya wa kowane ƙauye a lardin.

Aka zuba sunayen ƙauyukan a hular jallabiyar liman, ya riƙa zarowa. Ait Ummur ta fito. Tazrut ba ta fito ba, alhali hanya ɗaya suke bi, duk mai saukowa daga Ait Ummur sai ya ratsa ta gadar Tazrut. A Tazrut ɗin kuwa 'yar Bassu ke aure, kuma a shekarar jikarsa Tuda ta gama firamare.

Da yake Bassu aka ba gyaran kekunan, Malama Nuzha ta zo shagonsa, na kai musu shayi na tsaya ina jin abin da ba a gayyace ni ba.

"'Yata, ban gane ba," in ji Bassu. "Keke ne fa. Sai an yi shekara biyu ana bincike kafin a san ya fi ƙafa sauri?"

Ta yi dariya. "Baba, ni da kai mun sani. Masu sakin kuɗin ne ba sa yarda da sani, sai da awo. Kamar gona biyu ce, ka zuba wa ɗaya taki ka bar ɗaya, ranar girbi kowa ya gani da idonsa."

"To gonar da aka bari ɗin nan, sunanta Tuda."

Ta sunkuyar da kai. "Na sani. Wallahi ba ta yi mini daɗi ba. Amma in aka yi haƙuri, kowa zai samu. Alfarma ɗaya nake roƙo, kada kekunan nan su ɗauki yaran ƙauyukan da ke jira. In suka ɗauka, awon ya lalace."

Bassu ya gyaɗa kai. Na san wannan gyaɗa kan nasa, ma'anarsa ya ji, ba ya yarda ba.

Bayan ta tafi na ba shi shawara irin tawa ta mai son zaman lafiya. Na ce ya harhaɗa wa Tuda tsohon keke ɗaya, ya kai mata a ɓoye, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata a masallaci.

"In shiga Tazrut da keke ɗaya, sauran yaran suna kallona? Kai dai Haddu ba ka da ta ido."

Kekunan suka iso, shuɗaye, ba kariyar ɗaukar kaya a bayansu, sai ɗan kwando a gaba. Yarinyar farko da ta kawo nata a ɗaure mata birki, wata Hadda ce 'yar Ait Ummur. Da ta dawo karɓa sai ta tarar da kujera a bayan keken, ƙarfe ne aka yi wa walda, aka naɗe shi da guntun tsohuwar darduma, har da wurin sa ƙafa.

"Baba Bassu, wannan fa? Ni ba ni da kuɗin biya."

"Wa ya tambaye ki kuɗi? In kin zo gadar Tazrut za ki ga wata mummunar yarinya mai kama da ni. Ki goyo ta."

Kafin a fara tsinkar zaitun babu keken da bai sami kujerarsa ba. Duk ƙarfen gadon da aka yar a garin nan Bassu ya tsince shi. Masu walda na sauran kasuwanni suka gani suka kwaikwaya. Da safe in na buɗe shago sai in ga kekuna na gangarowa, kowanne da mutum biyu, na baya rungume da jakunkuna. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau, ni ma har ƙirjina ya cika. Mutanen Tazrut suka riƙa aiko wa Bassu da ƙwai da 'ya'yan itace, shi kuma ya zube a ƙofa kowa ya ɗiba.

Tuda takan biyo shagon in an tashi, ta ci burodi da man zaitun, su yi ta tsokanar juna.

"Tsoho, kujerar nan taka ta fi dutse tauri."

"Ki sauka ki taka da ƙafa mana, gimbiya."

Malama Nuzha ta dawo zagaye da sanyi ya shigo. Da hantsi ta iso, daidai lokacin da yaran ke shiga. Ta tsaya a ƙofar makaranta tana kallonsu bibbiyu, na ga fuskarta ta canza. Ta tsallako titi, ba ta ko karɓi shayin da na miƙa mata ba.

"Baba, me ka yi mini haka?"

"Na ga wuri ne a bayan keke ba kowa."

"Na roƙe ka fa. Yanzu yaran Tazrut ma suna zuwa. In aka zo awo ba za a ga bambanci ba, za a ce keke bai ƙara komai ba."

"To ki gaya musu abin da ya faru. Ki ce keke ɗaya ya yi aikin biyu. Ai abin yabo ne."

"Zan rubuta. Amma waɗanda za su yanke hukunci ba su san gadar Tazrut ba, lamba biyu za su duba su kwatanta. Don Allah ka cire su, tun da sauran lokaci."

Bassu ya nuna mata ƙofar makarantar. "Ga su can. Je ki zaɓi waɗanda za su koma gida, ni kuma in ɗauko zarto."

Ba ta je ba. Ta juya ta shiga mota. Na ji haushinta a ranar, na ji haushinsa, na kuma rasa wanda zan ba gaskiya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ban ga mugu a cikinsu ba.

Shekara biyu suka cika. Aka sake tara dattawa a ofishin gunduma, wannan karon wani mutum mai kwat ne ya yi magana, Malama Nuzha na zaune a gefe tana kallon ƙasa. Ya ce yaran ƙauyukan da suka sami keke sun daɗe a makaranta, madalla. Yaran ƙauyukan da ba su samu ba su ma sun daɗe, kusan daidai wa daida. Saboda haka ba a ga shaidar cewa keke ne ya kawo sauyin ba, ba kuma za a nemi gwamnati ta kashe kuɗi a kan abin da ba shi da shaida ba. Ƙungiya za ta koma wani aikin a wani lardin.

Wani dattijon Tazrut ya miƙe. "Namu kekunan fa, da aka ce mu jira?"

Mai kwat ya ce ya yi haƙuri, alkawarin ya rataya ne a kan sakamako.

Bassu ya tashi zai yi magana. Malama Nuzha ta riga shi, ta ce duk ta rubuta batun goyon a rahotonta. Mai kwat ya ce ya karanta, labari ne mai daɗi, amma ba a gina kasafi a kan labari. Da aka watse ta zo ta riƙe hannun Bassu ta sumbaci bayansa.

Mutane kuwa ka san halinsu. Waɗanda suka aiko da ƙwai jiya, su ne suka fara cewa garin neman gira an rasa ido. A shagona ake faɗa, yana jiyowa ta bango. Na kori mutum biyu a kan haka, har na fasa kofi.

Daga nan abin ya riƙa lalacewa a hankali. Ba a ƙara kawo taya ko sarƙa ba. Kekunan da suka sha goyo suka gaji da wuri, Bassu yana ta faci a kan faci. Masu su suka gama makaranta, wasu suka bar wa ƙannensu, wasu iyaye suka mayar da su na ɗaukar ciyawa. Hadda ta wuce babbar sakandare a birni. A shekarar ƙarshe ta Tuda, kekunan da ke ratsa gadar Tazrut ba su taka kara sun karya ba, yaran da ke jira a bakinta kuwa sun ƙaru, don ƙannen da suka ga yayyensu sun tafi su ma sun sa rai.

Sai a lokacin Bassu ya bi shawarar da na ba shi tun farko. Ya tattara gawar kekuna ya fitar wa Tuda da ɗaya mai lafiya. Sai dai hali zanen dutse, bai bar shi ya fita shago ba sai da ya ɗora masa kujera a baya.

Bai fi wata guda ba ta shigo da keken wata ranar Laraba da azahar. Ba ta tsokane shi ba, ba ta taɓa burodin ba.

"Kaka, ka cire mini kujerar nan."

"Ta karye ne?"

"Ƙalau take. Ni ce na gaji." Ta share ido da gefen mayafinta. "Kullum in na fito suna tsaye a gada, kowa na kiran sunana. In na ɗauki wannan, wancan ya yi kuka. Jiya 'yar Goggo Itto ta riƙe mini riga har muka faɗi. Uwar wani ta zo gidanmu tana zagin Inna, wai muna zaɓen dangi. Ni ba zan iya zaɓa ba kuma. In babu kujerar, ba wanda zai sa rai."

Bassu ya dubi keken. Sannan ya juyo gare ni, ina tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu.

"Haddu, da na bar su sun zauna a gida shekara biyun nan, da yanzu kowa na da nasa ko?"

Wataƙila da sun samu. Wataƙila kuma da Tuda da sa'o'inta sun riga sun bar karatu har abada kafin kekunan su iso. Na ce masa Allah ne masani, na ji kunyar kaina da na faɗa.

Ya ɗauko zarto. Waldarsa ce, mai kyau ce, ta ba shi wahala kafin ta rabu. Tuda ta karɓi kekenta ta fita ba ta waiwayo ba.

Jim kaɗan aka kawo masa tajin daga gida. Ranar kasuwa ce, titi cike da mutane. Ya karɓi kwanon, ya shige can ƙuryar shago, ya juya wa ƙofa baya, ya ci shi kaɗai.