Kazar da Ta Bar Autanta a Kasuwar Mada

Shekarar da aka kashe layukan waya a duk Zamfara ce, shekara guda bayan cutar nan da ta sa aka ɗaure mana hanci da ƙyalle har cikin coci, damina biyu kuma bayan na baro ƙauyenmu na wajen Bungudu na dawo Gusau gidan ɗana. Zaman ɗaki bai karɓe ni ba. In na zauna ƙafata kaɗawa take yi, in na kwanta in tashi in sake share tsakar gidan da na riga na share. Surukata ta gaji da ni, ta kai ƙarata wajen matar fasto, ita kuwa ta ce in zo in riƙa taimakawa a makarantar ƙananan yara da ke bayan coci.

Ban san ko harafi ɗaya ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Ni ke shara, ni ke wanke kofuna, ni ke kai yara bayan gida, mai kuka kuma bayana ne nasa. Da safe su yi addu'a ido ɗaya a buɗe, su yi waƙa da tafi, su ƙirga murafen kwalba a ƙasa. Da hantsi su jeru in zuba musu ruwa a hannu, kowa ya buɗe kular abincinsa yana leƙen ta maƙwabci. Rana tsaka a shimfiɗa tabarmi a ce su yi barci. Nan ne ake yaƙi.

Malamarsu yarinya ce 'yar wajen Filato, yara na ce mata Anti. Ranar da ta rasa yadda za ta yi da su ta ce, "Inna, an ce ke gwanar tatsuniya ce. Taimaka mini."

Na ce, "Da rana? So kike in ɓace a hanyar gida?"

Ta yi dariya. "Haba Inna, ke fa Kirista ce."

"Kirista ce ni tun ba a yaye uwarki ba. Amma ban taɓa yin tatsuniya rana na kallona ba."

Sai na cire mayafina na rataye a taga, na tura ƙofa, na ce, "To, dare ya yi." Daga ranar haka muke yi.

Wadda suka fi so ita ce ta kazar da ta kai 'ya'yanta bakwai kasuwar Mada sayen takalma. Ni na ƙaga ta. Kaza ta auna wa kowa, ta juyo gida tana waƙa tana ƙirga ƙafafu, sai a bakin rafi ta ga babu auta. Ta koma da gudu, ta same shi yana barci cikin wani ƙaton takalmi. Kafin in kai rafin rabinsu sun yi barci.

Ɗaya ce ba ta barci. 'Yar wani kafinta ce, shekararta huɗu saura kaɗan, tun da aka kawo ta ba wanda ya ji muryarta. Ba ta waƙa, ba ta kuka, ko an kira sunanta ba ta juyowa. Kullum idonta na ƙofa. Shugabar makaranta ta kira uban a gabana ina goge tebur, ta ce tana jin yarinyar kurma ce, in hutun Kirsimeti ya zo ba a ga sauyi ba, gara a nema mata inda aka san aikin kurame. Uban ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da halin haka, sai dai ya kai ta garinsu can kudancin Kaduna wajen gwaggonta, ta zauna a gida. Ita ke nan gare shi.

Da ya fita na ce, "Madam, ɗiyar nan tana ji."

"Inna, ke likita ce?"

"Ni mai shara ce, shi ya sa ƙasa nake kallo. In kaza ta fara waƙa, babban yatsan ƙafarta na bin kiɗan."

Ta ce yatsa ba magana ba ne. Sati biyar ya rage.

Na yi duk abin da na sani. Na goya ta, na yi mata wasan ɓuya, na ɓoye mata takalmi ko za ta tambaya. Ta tafi gida ƙafa ɗaya ba takalmi, ko uffan. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ina tafiya a hanya ina magana ni kaɗai, har wani mai babur ya ce, "Inna, da wa kike faɗa?"

Sai na tuna wani hali na yara: ka ci musu tuwo su yafe, amma ka ɓata musu tatsuniya ba su yafewa. Ni kuwa a duk ƙauyenmu ba a taɓa kama ni da tuntuɓen baki ba. Na haɗiye girmana. Na jira sauran suka yi barci, na matsa kusa da ita na sake faro labarin a hankali, na ce 'ya'yan kaza biyar ne. Ta ɗaure fuska. Washegari na ce kasuwar Tsafe aka je. Ta juya mini baya. Rana ta uku na ce hula aka saya. Ta tsunkule ni a cinya, har yau ina tuna zafin, amma bakinta na rufe.

Saura kwana huɗu a yi hutu na ce yau sai ta Allah. Na ba da labarin daidai, tiryan-tiryan, har bakin rafi. Sai na ce, "Kaza ta ƙirga ta ga babu auta, ta ce rana ta yi, ta wuce gida abinta. Ƙurunƙus."

Ta tashi zaune. Muryar da ta fito a shaƙe take kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ƙarya ne, Kaka! Ta koma!"

"Ina ta koma?"

"Ta koma ta ɗauko shi! Ta koma! Ki ce ta koma!"

Ta fashe da kuka tana dukan ƙirjina, yara duk suka farka, shugaba ta shigo a guje ba takalmi. Ni har na fara washe baki, sai na ga Anti ta dafe kai.

Ta ja ni waje ta ce, "Inna, ba ki sani ba? Uwarta kasuwar Magami ta tafi tun bazara, mutanen daji suka tare motarsu. Har yau shiru."

Kowa ya sani, ban da mai shara. Na koma ciki, na ɗauki yarinyar, na ce, "Bakina ne ya karkace, ɗiyata. Ta koma." Sau bakwai ta sa na maimaita. Ranar nan da na tashi aiki na wuce lungunmu ban gane shi ba, sai da na kai gidan mai na juyo.

Ba a kai ta kudancin Kaduna ba. Bayan hutu ta dawo da surutu har Anti na roƙonta ta yi shiru. Amma kullum in an rataye mayafi sai ta riƙe bakin zanena ta ce, "Yau za ta koma ko?" In ce za ta koma. Ban san ko na yi mata daidai ba, har yanzu abin na tayar da ni tsaye.

Matar fasto ta rasu, shugaba ma ta bi ta bara. Anti na nan, ta yi aure a Tsafe. Kafinta na nan, shi ya yi mini kujerar da ba na iya zama a kai. Yarinyar na firamare, ran Lahadi takan karanta mini abin da ke jikin bangon coci. Uwarta kuwa ba na sa ta cikin matattu, don ba wanda ya kawo mini gawa. Ni ma ina nan.