Tsamiyar da Ta Hana Raga Buɗewa

Ni dai Allah bai ba ni haƙuri da na'ura ba. In ta ƙi ni, zaginta nake yi tas kamar tana da uwa. A shekarar nan da siyasa ta rikice, yau yajin aiki gobe zanga-zanga, ina aiki a wani buro, wato ofis, mai kula da noman rani a Maradi, kuma a nan wata ordinatar, wato kwamfuta, ta kusa sa mini hawan jini.

Ruwa ne ya daina isa gonakin ƙarshen kanal, wato hanyar ruwan ban-ruwa, a Jiratawa. Manya suka ce wurin tudu ne, a cire gonakin daga tsari kowa ya huta. Cikinsu har da ta gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, kuma albasar ƴar gonar nan ce cinta da shanta. Na roƙi shef, shugaban buronmu, ya bari a auna ƙasar tukuna. Ya yarda, amma ya ce ranar taron kwamiti in ban zo da hoton ƙasar a hannu ba, magana ta ƙare.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. A buro muke shimfiɗa raga a kan taswira, irin ta masunta, kowane ƙulli da lambarsa. Mai awonmu, wani dogo ɗan Tibiri, shi ke zuwa ya auno tsayin ƙasa a kowane ƙulli. Ni kuma in zuba fishiye ɗin, wato fayil ɗin awon, cikin lojisiyel, manhajar nan mai zana ƙasa, ya fito da tudu da kwari, a ga inda ruwa zai iya bi.

Ya kawo awonsa, na zuba, na danna. Lojisiyel ya yi ɗif, ya rufe kansa. Ko uffan bai ce ba. Na sake dannawa, ya sake rufewa.

Da fari na ɗora laifin kan kile ɗina, ɗan abin nan da ake sokawa a na'ura a ɗauki fishiye, don babu sibar, wato shagon intanet, da bai shiga ba a Sabon Gari. Na wanke shi, a banza. Na goge lojisiyel na sake sa shi, wuta ta ɗauke ana tsaka, na sake daga farko. Na ɗauki moto na je unguwar Zariya gun wani abokina mai sabuwar na'ura, ita ma ta tofar da fishiye ɗin. Sai na gwada tsofaffin ragogin bara, duk suka buɗe sumul. Ashe ciwon a cikin tamu ragar yake. In kuwa awon ne ya lalace, ba sauran lokacin sake shi.

Da na gaji da zagi, sai na raba ragar biyu. Rabin arewa ya buɗe, na kudu ya ƙi. Na sake raba na kudu. Haka na yi ta yanka ina gwadawa har ya rage wani ɗan yanki. A nan na ga abin: raga tana kiran lambobin wasu ƙulle-ƙulle, su kuwa babu su cikin awon sam. Lojisiyel yana neman su ya rasa, sai ya faɗi.

Na kira mai awo na nuna masa. Ya sosa ƙeya.

"Mutumina, wurin tsamiyar nan ne," in ji shi. "Akwai wani tsoho mai bin al'adar kakanni, ya ce ta masu abu ce, iskoki ke nan, ba a shiga, sai ban auna wurin ba. Da na ga layukan ba komai ciki, sai na share su don aiki ya yi tsabta."

"Tsabta? Kai da sahun gaba ba ya wuce ka a masallaci, tsamiya ta kore ka?"

"Ba tsoro na ji ba, girman tsoho na gani."

Na so in ƙirƙiro lambobin daga kaina a wuce wurin. Amma ta gefen tsamiyar ruwa zai ratsa in har zai kai ƙarshe, in na yi ƙarya a nan gonar gwaggo na yi wa. Muka hau moto sai Jiratawa.

Muka tarar da tsohon yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani, har da zancen gonakin da za a yanke wa ruwa. Ya ce shi bai hana awo ba, baƙo ne ba ya shiga.

"To Baba, kai fa?"

Ya dube ni, ya dubi sandar awo, ya tuɓe takalmansa ya karɓe ta. Ya shiga yana ƴan maganganunsa ƙasa-ƙasa. Mai awo na daga nesa da madubinsa na awo yana ta ihu: "Baba, miƙe ta! Ta karkace! Matsa dama kaɗan!" Tsoho na amsa masa da cewa ya rage baki, ba gidansu ba ne nan.

Da muka koma buro na cika layukan, na yi bisimilla na danna. Raga ta buɗe. Wallahi sai na zauna ina ta dariya ni kaɗai. Ga kwarin nan shimfiɗe, kore da ruwan ƙasa, kuma gonakin ƙarshe ba tudu ba ne. Yashi ne ya taru a tsakiyar hanya ya tare ruwa. Kwamiti ya ga hoton, aka ce a yashe kanal, gonaki su zauna.

Na tafi da gudu in yi wa gwaggo albishir. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi guɗa ba. Ta miƙe tana neman mayafinta.

"Gwaggo, ina zuwa kuma?"

"Na fid da rai, ɗan nan. Jiya na ba maƙwabciya irin albasata duka. Tada moton ka kai ni, kafin ta dasa."