Ragonmu a Rumbun Turawa

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 1952, saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ina tsaye a bakin ɗakin cin abinci riƙe da butar shayi, sai maigidan Babana ya zare lofe daga bakinsa ya ce, da Hausarsa ta tsohon Di'o: "Kuku, gobe mutumin gwamnati zai zo daga birni. Yana so ya ga cikin rumbunka. Ka nemo makulli." Baba ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya kwashe faranti ya fita. Mu biyu kaɗai muka san abin da ke cikin rumbun nan. Rago ne.

Bari in koma baya kaɗan, don tsoho idan ya fara labari daga tsakiya yakan ɓata. Babana kuku ne. Ya yi wa Baturen nan, wanda mutanenmu suka laƙaba wa Mai Lofe, girki shekara da shekaru a Arewa, da ya ajiye aiki zai koma ƙasarsu kuma ya ce cikinsa ba zai iya rabuwa da hannun Baba ba. Innata ta rasu, dangi kuwa duk sun san halina, babu wanda ya yi tayin riƙe ni, sai aka haɗa ni da tukwane aka sa a jirgin ruwa. Muka sauka a wani ƙauye tsakanin Manchester da Birmingham, ina ɗan shekara bakwai ko takwas, ba wanda ya rubuta.

Ƙauyen nan komai nasa tsoho ne. Ga coci na dutse mai hasumiya, gansakuka ta cinye gindinsa, ga gidajen katako baƙi da fari sun jingina da juna kamar tsofaffin da suka dawo daga jana'iza, ga turu a dandali inda a da ake sa ƙafar mai laifi. Can ƙarshen dandali kuma akwai wani ɗan gini zagayayye mai tulluwa a ka, ba taga, sai ƙofa guda mai kauri. Ranar da Baba ya fara ganinsa ya tsaya ya ce, "Ashe su ma suna da rumbu." Daga baya muka ji ba hatsi ake zubawa ba, mashaya ake kullewa a ciki a zamanin da har giya ta sake su. Amma suna ya riga ya bi shi, har Mai Lofe ya ɗauka. Shi ne dattijon cocin da aka ba ajiyar makullin, makullin kuwa yana rataye a bayan ƙofar kicinmu tare da tsintsiya.

Zamanin na tsuke bakin aljihu ne. An gama yaƙi, amma yunwarsa ba ta gama ba. Sukari, ganyen shayi, man shanu, nama, duk sai da katin rabo, kuma naman da ake ba mutum na mako, idan ka ɗaga shi kana hango hasumiyar coci ta cikinsa. Mu ko wannan ba ma ci, tunda ba yankan Musulmi ba ne, sai kifin gwangwani da dankali. Aikina kwashe toka daga murhu, ɗebo kwal, goge takalman Mai Lofe, da korar tsuntsaye daga lambun kabeji. An sa ni makarantar ƙauye, inda na yi fice a abu biyu: shan madarar da ake rabawa a 'yan kwalabe, da koya wa 'ya'yan Turawa langa, har na taɓa kayar da ɗan fasto cikin kashin shanu. Karatu kuwa, ni da shi gaisawa kawai muka yi, ba mu zauna ba.

Tun da muka zo Baba bai yi layya ba, abin yana cinsa a rai. Yanka dabba ba da izinin hukuma ba babban laifi ne a lokacin, tara ko ɗauri, mu baƙi kuwa Baba ya ce namu jirgin ruwa ne, a mayar da mu gida da kunya. Duk da haka ya ƙulla da wani manomi. Watanni muna shan ruwan zafi lami, yana tara sukarinsa da nawa yana kai wa matar manomin, ranar hutunsa kuma ya je ya taya su tara ciyawa. Ya zaɓi wani rago mai baƙar fuska wanda ba a datse wa wutsiya ba, don Turawa suna datse wa tumakinsu, shi kuwa ya ce ba zai kai wa Allah guntu ba. Manomin ya ce a ɗauke abin tun da wuri, in kuma an kama mu, shi bai san mu ba. Muka kawo ragon muka kulle a rumbu. Baba ya aika wa Kawu Tanko, wani ɗan garinmu da ke aikin masaƙa yana zaune a unguwar Moss Side ta Manchester, da wasu mutanenmu biyu masu aikin ƙarfe a Birmingham, cewa Sallah ta faɗo Lahadi, su zo, za a yanka a bayan lambu sa'ad da duk ƙauye ke cikin coci.

Ni ke kai wa ragon ruwa da ganyen kabeji a bokitin kwal. Bangon yana da kauri, amma wani lokaci kukan yakan sulalo ta ƙarƙashin ƙofa. Da yara suka ji, na ce musu fatalwar wani mashayi ce da ya mutu a ciki yana neman ƙari, daga ranar babu wanda ya sake bi ta wajen. Ina yi musu dariya, amma duk keken da ya gifta sai in ce ɗan sanda ne.

To ka ji inda maganar Mai Lofe ta same mu. A kicin Baba ya yi ta wanke faranti guda yana maimaitawa, can ya ce, "Wani ya kai ƙara." Bai ci abinci ba ranar. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da na ga ya jawo akwatinmu daga ƙarƙashin gado yana kaɗe masa ƙura. Ya ce gari na wayewa in ja ragon in kai shi kurmin bayan gonaki in ɗaure, shi zai share rumbun.

Ragon nan ya saba da inuwa da kabeji, ya ce shi ba inda za shi. In ja, ya toge, in tura, ya zauna. Da ƙyar muka wuce bayan coci, sai na ji ƙarar keken dokin mai raba madara. A gefen hanya akwai wani tsohon zagaye na dutse, ba rufi, ciyawa mai ƙaiƙayi ta cika shi, ban taɓa ganin kowa ya shiga ba. Na cusa ragon ciki, na jawo ruɓaɓɓiyar ƙofar, da niyyar in hanya ta yi shiru in dawo. Ban kai gida ba na ji Mai Lofe yana ƙwala mini kira.

Mutumin gwamnati ya iso, wani siriri mai tabarau, a kan keke, da kyamara a wuya da igiyar awo a aljihu. Na yi ta leƙen ɗamararsa ina neman ankwa. Mai Lofe ya yi wa Baba bayani cewa gwamnati ce ke bi ƙauye-ƙauye tana rubuta tsofaffin gine-gine, wanda duk aka rubuta, ba mai rushe shi, ba mai sake masa ko dutse guda sai da izini. Na ga kafaɗun Baba sun sauko. Aka ba ni bakin igiyar awo in riƙe. Muka auna coci, muka auna turu, har mutumin ya sa na zura ƙafafuna ciki yana dariya, ni kuwa ina cewa a raina gwaji ne. Muka zo rumbu. Baba ya share, ya wanke, ya ƙona tsumma, amma warin rago ba ya jin tsintsiya. Mutumin ya shiga, ya ja numfashi, ya lumshe ido ya ce a irin wuraren nan har warin zamanin da ake ji. Baba ya ce ƙwarai kuwa.

Har na fara hamdala, sai mutumin ya ce saura guda, inda a da ake tsare dabbar da ta ɓata ta shiga gonar mutane. Ya nufi bayan coci. Ban san addu'ar da ban yi ba, har ta shiga banɗaki na karanta. Muna isa, ragon ya ɗago baƙar fuskarsa daga cikin ciyawa, ya gan ni, ya gane mai kabeji, ya saki kuka.

Mutumin nan ya kusa yin rawa. Ya ce duk inda ya je irin wannan wuri kango ne, yau ga inda har yanzu ake aiki da shi. Ya tsayar da ni kusa da ragon ya ɗauki hoto. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, aka tuno da al'ada: dabbar da ta shiga nan, sai mai ita ya fito a gaban mutane ya ce tasa ce. Manominmu ya leƙa, ya sosa ƙeya ya ce bai taɓa ganinsa ba. Mai Lofe ya dubi ragon, ya dubi ganyen kabejin da ya leƙo daga aljihuna, ya daɗe yana zuƙar lofensa, sannan ya ce da Hausa, "Kuku, ka san mai shi?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na Allah ne." Mai Lofe ya ce, "To, a bar wa Allah kayansa."

Ranar Lahadi baƙi suka zo da yaji da wuƙa da kwanonin tafiya da nama. Muka yi sallah a bayan lambu, muka ci kifin gwangwani da dankali. Kawu Tanko ya ce a kai shi ya ga abin da idonsa, ya dafa bango ya ce, "Wato tun daga Manchester muka taso mu yi wa rago barka da Sallah?" Baba bai dake ni ba, da ma ya daka da ya fi mini sauƙi. Ya mayar da akwati ƙarƙashin gado ya ce, "Allah ya ga niyyarmu, ragon ne ba shi da niyya." Babu wanda ya taɓa fitowa neman ragon. Ya zama na ƙauye, yana aske ciyawar maƙabartar coci, yara suna ba shi tuffa, har ya tsufa. Kullum Baba ya wuce sai ya tsaya ya ce, "Mai Rabo, an tashi lafiya?"

Yau ina zaune a wani ɗan gidan haya a Moss Side, bayan na ƙare ƙarfina a masana'antun Birmingham da bas-bas na Manchester. Layya kuwa jikata Hafsat ce ke danna waya, a yanka a inda ban gani ba, nama kuma yana nan a shagon mahauci a kan kwana, ba mai ɓoye shi. Bara ta kai ni ƙauyen a mota. Coci yana nan, turu yana nan, rumbu yana nan, ko dutse bai gusa ba. A jikin zagayen nan an kafa allo da tsohon hoto: rago, da wani yaro mai manyan idanu kamar an kama shi da hannu cikin tukunya. Hafsat ta karanta mini, an rubuta tsawon bangon da shekarunsa, amma babu sunan kowa. Baba ya koma gida ya rasu tuntuni, gidan ƙasar da aka haife ni ciki kuma damina ta cinye shi, ba wanda ya zo da igiyar awo. Na daɗe ina duban hoton, ina neman ko gefen rigar Baba ya fito. Bai fito ba, ragon dai shi ne mai rabo.