Gero da Littafin Cikin Gilashi

Kakata Inna Habsu ta zo mana daga Maraɗi ina 'yar firamare, lokacin Baba yana tuƙin tasi, muna zaune a Lanham, a Amurka. Sanyin ƙasar bai taɓa yi mata daɗi ba. Da an yi sallar magariba sai Baba ya hura mata murhun falo, ta miƙe ƙafa, mu kewaye ta. Tana ba mu tatsuniya da Hausa, muna tambayarta da Turanci.

Wata rana makaranta ta kai mu wani ɗakin karatu a Washington. Aka nuna mana ƙaton tsohon littafi a cikin gilashi, wasannin kwaikwayon wani shahararren marubucin Ingila. Malamarmu ta ce shi marubucin bai ga littafin ba. Bayan ya mutu ne abokansa biyu suka tattara wasannin aka buga, da ba don su ba da kusan rabinsu sun salwanta.

Da yamma na ba Inna labari da guntuwar Hausata. 

"Matso, Rakiya," in ji ta. "Ai na san irin mutanen nan."

Ta ce an yi wani manomi mai irin gero da babu kamarsa, yana raba wa duk wanda ya roƙa. Ya rasu, rumbunsa ya ƙone, fari ya biyo baya. Abokansa biyu suka bi gida-gida suna tsinto abin da ya rage, nan ɗan dintsi, can zangarniya guda, har suka cika ƙwarya. Yunwa ta tsananta. Matar ɗayan ta ce a daka wa yara. Mijin ya zauna a kan ƙwaryar yana hawaye, yaran suna cin tafasa, har ruwa ya sauka suka shuka.

"Geron da muke ci ke nan," in ji Inna. "Kowa ya san sunan manomin. Su kuwa ko ni ban san sunansu ba."

Ta matsa wa Baba sai da ya kai ta ɗakin karatun. Inna ba ta karatun boko. Ta tsaya gaban gilashin da mayafinta, hannu a baya, tana duban takardun da suka yi ja don tsufa. Ni ina tsaye a gefenta. Can ta ɗan rusuna, ta ce a hankali, "Sannunku da aiki."

A lokacin na ɗauka littafin ne abin mamaki. Sai bayan rasuwarta, da muka taru mu jikokinta a gidan yayana a Bowie, na gane. Wannan ya tuna farkon tatsuniya, waccan ta tuna waƙar tsakiya, wasu tatsuniyoyin kuma babu wanda ya riƙe ƙarshensu. Abin da muka samu shi nake ba 'yata yanzu, kuma har yau ban sani ba ko da ni ce da hannu a ƙwaryar nan, zan iya jure kukan yara.